Dawakan Ƙanena a Cikin Yashi

Shekarar da ƙanena ya dawo daga Abuja da wata mota mai jan ciki a ƙasa, ban ƙara shan ruwa da daɗi a gidanmu ba. Ni direban akori-kura ne, tsohuwa mai shan dizal, da ita nake ɗaukar albasa daga gonaki zuwa Aliero. Shi kuwa ba shi da zance sai yawan dawakan da ke cikin injinsa, wato ƙarfin motar. In ya tarar da ni a kwalta tsakanin Jega da Maiyama, sai ya danna hon, ya leƙo ya ce in matsar da jakata. Mutanen da na ɗauko su yi ta dariya. Wallahi abin yana ci mini rai.

Wani tsohon bakanike a Jega na kai wa kukana. Ya ce, "Kai ma da wauta. Ƙarfin doki ai ƙarfin murɗa taya ne haɗe da saurin juyawar inji. Tashi motar sai ta yi kururuwa ƙarfinta ka zuwa. Taka tun tana gunaguni take ja. Ku haɗu inda babu kwalta ka gani."

Na riƙe maganar nan, ban faɗa wa kowa ba.

Da ranin shekarar ƙanen nawa ya yi noman albasa karo na farko a fadamar Danwarai, duk abin da ya tara a birni ya zuba a ciki. Ta yi kyau ƙwarai. Aka cire, aka zuba a buhuna, sai ga hadarin farko ya taso da la'asar tun ba a zata ba. Albasa in ta sha ruwa a buhu, sai dai juji. Girman kai ya hana shi kirana. Ya cire kujerar bayan motarsa, ya danƙara buhuna har but, wai zai yi ta sawu kafin ruwa ya sauko.

A hawan da ke fitowa daga fadamar akwai yashi mai zurfi. Nan na same shi, ina dawowa ba kaya. Motar ta tsaya cak. In ya saki kuloci a hankali ta mutu, in ya taka totur ta yi ihu, tayoyin su yi ta haƙa rami. Warin kuloci ya cika wurin. Can ƙasa sauran buhunan na jere a fili.

Ya zo jikin tagata, gumi har cikin ido. "Yaya, taimake ni. Bar motar ma, kwashe min albasa."

Na kashe inji na sauko. Manoma sun taru, ni kuma na samu abin da na daɗe ina jira. Na ce, "Ina dawakan? Sun tai kiwo?" Aka fashe da dariya. Na zagaya motar ina yi musu karatun bakanike dalla-dalla, har ina zane a ƙasa da tsinke. Iska ta fara kaɗawa.

"Yaya, don Allah. Ruwa na zuwa."

"Faɗi da ƙarfi, wace ce jaka?"

Ya ce, "Tawa." Na ce ban ji ba. Ya sake faɗa. Wani dattijo ya ce mini, "Haba, ya isa hakanan." Ban saurare shi ba, don daɗi nake ji, ba zan ɓoye ba. Na ɗaura sarƙa, na sa giya ta ɗaya, ko totur ban taka sosai ba ta fito da shi. Da gangan na zaɓi motar na bar albasar, don ita mutane za su kalla. Kafin in kwance sarƙar, ruwa ya ɓalle. Hanyar fadama ta zama laka, ni ma ban iya sauka ba.

Sawu biyu da sun ishe ni kwashe komai. Lokacin yana nan, ni na cinye shi da surutu.

Bayan kwana huɗu warin ruɓaɓɓiyar albasar ya kai bakin hanya. Ya sayar da motar, bai koma Abuja ba. Yanzu dako yake yi a kasuwar albasa. Makon jiya layi ya kawo shi kan motata. Ya loda buhunan tsaf, ya ja igiya ya ɗaure, ya buga gefen bodi sau biyu, kamar yadda ake yi wa kowane direba.

"A sauka lafiya, mai mota," in ji shi, ya juya wurin motar da ke bayana.