Ranar da Alhaji Ya Hana Ni Gudumar Darma

Har yau ban manta da ranar da na ɗauko Alhaji Garba da mahaifiyarsa daga Bebeji za mu gaisuwar mutuwa Tudun Wada ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina masa tuƙi, kuma ni kaɗai ya yarda in taɓa tsohuwar motar da ya gada wajen mahaifinsa, 'yar Ingila mai ƙafa ta wayoyi kamar ta keke.

Ku matasan direbobi ba ku san irinta ba. Kowace ƙafa noti ɗaya ke riƙe da ita, babba, a tsakiya, mai kunnuwa biyu. Ba a sa masa sifana. Sai an ɗaga motar a jak, a buga kunnen sama da gudumar darma zuwa bayan mota, hagu ne ko dama, har sautin ya daina rawa. Haka na koya, haka nake yi kafin kowace tafiya.

To, satin nan Alhaji ya kai notocin Kano aka goge su, suna ƙyalli kamar sabon kwano. Da safe mai faci ya mayar da ƙafafun baya. Na ɗauko guduma ke nan, sai Alhaji ya daka min tsawa a gaban surukansa.

"Sule, ajiye abin nan! Kullum sai ka yi musu tabo. Mai faci ya ɗaure da tsumma, ya isa."

Da tsumma! Hannu da tsumma, a ƙafar mota! Raina ya ɓaci, amma ga baƙi a tsaye, wa zai musa wa maigida? Na ce, "To, ranka ya daɗe." Ya karɓi gudumar da kansa ya jefa cikin zaure.

Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan na taka birki saboda shanu, sai na ji ƙwas daga baya. Na sake takawa, ƙwas. Na gangara gefen titi a hankali, Alhaji yana ta faɗan za mu makara. Na kama notin ƙafar baya ta dama da yatsu biyu, ya juya. Saura kaɗan ƙafar ta fice, ga Hajiya tsohuwa, mahaifiyar Alhaji, zaune daidai kanta tana jan carbi.

Babu guduma, ƙarfe kuwa zai fasa kunnen. Na shiga wani gida na yi sallama, matar gidan ta ara min taɓarya. Na ɗaga motar, na yi ta dukan notin kamar mai sussukar dawa, masu babur suna tsayawa suna dariya.

Alhaji ya leƙo, ya ga yadda abin yake, ya dubi Hajiya, sannan ya juyo kaina.

"Kai Sule, ka san haka, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Wallahi na so in yi magana. Amma da na duba, gaskiyarsa ce. Shi ƙyalli ya sani, ni na san mota, kuma na yi shiru don kar in kunyata shi. Tun daga ranar, in maigida ya hana ni abin da ya shafi ƙafa ko birki, nakan durƙusa in ba shi haƙuri, in miƙa masa makulli in ce ya nemi wani direban.