Da Aka Rufe Dandalin da Muke Tallan Shito

Yayata ce mai dafa shito, ni ce mai tallansa. Haka aikin ya rabu tun farko, ba tare da mun zauna mun shirya ba. Ga wanda bai san shito ba, barkono ne da ake soyawa da albasa da citta da garin busasshen kifi da jatan lande, a bar shi cikin mai a kan wuta har ya yi baƙi. A Maamobi, unguwarmu a nan Gana, ba a cin dokunu, wato tuwon masara mai tsami, ko wake da shinkafa babu shi. Ranar da Yaya ta ɗora babbar tukunya a tsakar gidan hayar da muke zaune, kowa sai ya yi tari, amma ba mai ƙorafi, don an san za a raba ƙanzon.

A lokacin ina aiki a wata maɗaba'a a Kokomlemle, ina tsara katunan biki da kalanda. A can na zana takardar da muke mannawa a jikin kwalba, a can kuma na buɗe mana shafi a wani dandalin sada zumunta da ake rubuta gajeriyar magana. Dandalin ya dace da halina. Ban iya surutu gaban mutane ba, amma in aka ba ni layi biyu ina iya sa mutum dariya. Na fara tsokanar 'yan Najeriya a kan dafa-dukarsu, suna ramawa, ina cewa in sun gaji da musu su sayi shito su gyara abincinsu. Wasa-wasa sai suka fara saya. Akwai waɗanda suka yi karatu a Gana suna kewarsa, akwai waɗanda tsokanar ce kawai ta ja su. Muna shirya kwali mu ba direbobin manyan motocin Legas, daga can a rarraba har Ibadan da Kaduna. Kafin mu ankara, yawancin abin da Yaya ke dafawa ƙetare iyaka yake.

Wata safiya ina cikin mota zan tafi aiki, na rubuta wata tsokana na saki. Har muka wuce unguwar Nima ba wanda ya tanka. Na ɗauka layin waya ne. Sai da na isa maɗaba'a abokin aikina ya ce, ai an rufe dandalin a Najeriya, ban ji ba? A wurinmu yana aiki lafiya lau. Shafinmu na nan, hotunan kwalaben na nan, masu sayen ne babu.

Kwanakin farko wasu sun riƙa shigowa ta bayan fage da wata manhaja mai ɓoye inda mutum yake. Su ma a hankali suka gaji, wasu kuma tsoro ya hana su. A nan na gane abin da ban taɓa tunawa da shi ba: ban san mutanen nan ba. Laƙabi na sani, da ɗan hoton da ke gefe, wani ma hoton mage ne. Duk cinikin cikin dandalin muke ƙulla shi, lambobin waya kuwa suna hannun yaran tashar Legas masu rarraba kaya, waɗanda kullum canzawa suke.

Da na gaya wa Yaya tana tsakar yanka albasa, ba ta ko ɗago ba.

"Mutanen sun mutu ne?"

"A'a, Yaya."

"Sun daina cin abinci?"

"A'a."

"To ka nemi inda suka koma."

Haka take ce mani, "ka", ko da yake ni mace ce. Hausarmu ta zango ba ta damu da bambanta namiji da mace ba. A gidanmu akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli, kuma da wannan Hausar muke rance da gaisuwa da faɗa, muna tsoma harshen Tuwi da na Ga da Turanci duk inda kalma ta ƙare mana, aboki ma "cale" muke ce masa. Ni dai a shafinmu ban taɓa barin ta fito ba. In zan rubuta Hausa sai na zauna na gyara ta tsaf kamar ta littafi, har wasu na zaton daga Katsina nake.

Inda mutanen suka koma kuwa dandalin hotuna da bidiyo ne. Na buɗe shafi a can, na jera hotunan kwalabe da dogon bayani a ƙasa. Ba wanda ya tsaya karantawa. Wurin na masu motsi da murya ne, ni kuma abin da na iya rubutu ne. Na roƙi Yaya ta bari in ɗauke ta tana aiki. Ta ce fuskarta ba za ta shiga aljihun mutanen da ba ta sani ba. Muka daidaita a kan hannu da tukunya da murya.

Na ɗauka ranar Asabar da hantsi. Hannunta na juya muciya, mai na tsalle, tana magana kamar yadda take yi kullum.

"Albasa nan, sai ya yi ja kafin barkono ya shiga. Ka yi gaggawa, ka ƙona shi, cale, ba ruwana. Mamanmu shi ya koya mani, shi ma kakanmu mace ya koya mashi."

Bidiyon ya yi yawo fiye da duk abin da na taɓa rubutawa, amma ba don shito ba. Dariya aka zo yi. Wani ya tambaya wace irin Hausa ce wannan. Wata ta ce a taimaka a kai baiwar Allahn nan makaranta. Wasu suka riƙa kwaikwayon muryarta suna sakawa a nasu shafin. Na so in ɓoye mata, amma ta ga yadda nake ta duba waya ina tsuke baki.

"Karanta mani."

"Ba komai ba ne, Yaya."

"Na ce ka karanta."

Na karanta mata kaɗan daga masu sauƙin. Ta saurara har ƙarshe, ta goge hannu a zani, ta ce su ci gaba da dariyarsu, ita ta gama. Ranar ba ta yi waƙar da take yi in tana zuba shito a kwalba ba. Yaya mace ce da ke iya tsayawa ta wanke mahauci tas a kasuwar Maamobi, ban taɓa zaton maganar mutanen da ba ta gani za ta taɓa ta ba.

Na koma ɗora tawa muryar a kan bidiyon, da Hausar littafi. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya tsaya kallo. Yaya ta rage dahuwa. Babbar tukunyar ta koma bayan ƙofa a kife, ta ɗauko ƙaramar.

Abu biyu ne suka taso daga wancan bidiyon na farko, wanda na bari ban goge ba. Na farko, mutanenmu na nan gida sun ji kansu a ciki. Wata mai sayar da abinci a Alajo ta aiko tana so a riƙa kawo mata duk mako. Wasu matasa masu shago a mahaɗar titin da ake kira Malam suka ce su ma a ajiye musu. Shekaru muna kai kaya Legas, amma mutanen da mota ɗaya ke kai mu wurinsu ba su san da mu ba, don ban taɓa yi musu magana ba.

Na biyu, wata mata ce daga Kaduna ta rubuto ta ce mahaifiyarta na son magana da mai muryar. Ta ce tsohuwar a Nima aka haife ta, ta bar garin tana budurwa lokacin da aka ce baƙi marasa takarda su fice, ba ta sake dawowa ba. Tun da ta ji bidiyon take sa a maimaita mata. Yaya ta ce ba za ta karɓa ba, wata dariyar ce. Da kiran ya shigo, na bar wayar a kan turmi tana ƙara na shige ɗaki. Can sai na ji Yaya ta ɗauka da sallama.

Tsohuwar ta fara da Hausar Kaduna mai tsabta, gaisuwa kan gaisuwa. Da hira ta yi nisa sai harshenta ya fara zamewa. Ta tambayi babban kwalbatin Nima, ko har yanzu yana cika in an yi ruwa. Ta tambaya ko har yanzu ana naɗe dokunu a ɓawon masara. Ta jefo wata kalmar Ga, ta tsaya, ta ce ashe tana nan a bakinta. Na leƙo na ga Yaya zaune kan kujerar tsugunno, tana cewa, "Yana nan, Mama, komai yana nan," duk da rabin abin da ake tambaya ya daɗe da ɓacewa.

Yaya ba ta sake yarda da bidiyon da kowa zai gani ba, har yau. Abin da ta yarda da shi shi ne magana da wanda ya ba da lambarsa da kansa. Na fara roƙon lambar duk wanda ya sayi ko kwalba ɗaya, na haɗa su rukuni guda a manhajar aika saƙo. Ranar dahuwa Yaya kan yi musu saƙon murya, ta faɗi abin da ke kan wuta, ta yi ƙorafin tsadar kifi, ta tambayi mai jego da marar lafiya. Mutanen ba su kai yawan na da ba, kuma cinikin Najeriya bai koma yadda yake ba. Amma ko wani dandalin aka sake rufewa, na san inda zan same su.

Bayan watanni aka buɗe dandalin. Na koma na yi tsokana ɗaya, wasu tsofaffin abokan musu suka amsa, na ji daɗi ƙwarai. Ina shiga har yanzu, sai dai kamar mai leƙa majalisar da ya taɓa zama.

Daga baya tsohuwar Kaduna ta roƙi in je in ɗauko mata hoton gidan da aka haife ta. Ta kwatanta mani lungun, da famfo a bakinsa da bishiyar mangwaro. Na je bayan la'asar na yi ta tambaya har wani dattijo mai ɗinki ya nuna mani wurin. Bene ne yanzu mai hawa biyu, da shagon gyaran waya a ƙasa. Babu famfo, babu mangwaro. Na tsaya ina shawarar in ce ban gane wurin ba, sannan na ɗauka na aika yadda yake. 'Yarta ta ce ta daɗe tana kallon hoton, tana sa yatsa tana buɗa shi. Daga nan ta nuna wani guntun katanga a gefen benen, wanda ni ban ma lura da shi ba, ta ce a kansa suke shanya wanki.