Gaisuwa da Goyo a Baya

A gidanmu na Wurno ban taɓa ganin mahaifina ya ɗauki yayana ba. Yayana shi ne ɗan fari, ko sunansa Baba ba ya kira. In zai aike shi sai dai ya ce, "Kai, wannan yaron." Haka na tashi na ga ana yi a kowane gida, kuma haka na ɗauka zan yi in Allah ya ba ni nawa.

Sai aikin koyarwa ya kawo ni cikin Birnin Kudu. Na kama hayar ciki da falo a wani gida na 'yan haya, na auri 'yar wani ƙauye da ke gaba da Fagam, a ƙasar Gwaram. Da aka haifa mana 'yar fari mace, babu babba ko ɗaya a gidan da zan ji nauyinsa. Na fara da riƙe ta in uwarta tana girki. Daga nan na koma yi mata wasa a ɗaki, ƙofa a rufe. Kafin ta iya magana sosai ta zama ba ta yarda in fita ba tare da ita ba, in ta ji ƙarar mukullin babur sai ta je ta ɗauko takalminta.

Wurin zamanta a kan tankin mai yake, tana riƙe da ƙarfen madubi. Da damina mukan tafi 'yar gonar da wani abokin aikina ya ara mini a hanyar Surko. Ina sara tana zuba iri, wani ramin ta cika shi fal, wani ta tsallake, sai na bi baya na gyara. Can sai ta gaji ta koma neman jan ƙwaron nan mai laushi da ke fitowa bayan ruwa. Da rani mukan gangara lambun bakin kogi, masu ban ruwa su wanke mata karas su ba ta. Da bazara kuwa gindin duwatsu muke zuwa da mangwaro a leda, ta sha har gwiwar hannu, in wanke ta da ruwan gora kafin mu koma, don kada mu sha faɗa.

Matsala ɗaya ce da ita. Da iska ta fara bugun fuskarta a hanyar dawowa sai barci. Kanta ya riƙa rinjaya, in tare ta da hannu ɗaya in yi tuƙi da ɗayan. Wata rana muka shigo gida a haka, maƙwabciyarmu ta gani. Malamar asibiti ce 'yar Filato, ta girme mu nesa ba kusa ba, ba ta kuma ɓoye abin da ke ranta.

"Malam, so kake ka kashe yarinyar nan?" in ji ta. "Goya ta."

Na yi dariya, na ce ai ni namiji ne.

Ta ce, "Bayanka ba baya ba ne?"

A ranar ta karɓi zani a hannun matata, ta sa na sunkuya a tsakar gida, ta koya mini yadda ake ɗaure sama a soke ƙasa. Matata ta yi dariya har da hawaye. Na ce ba zan taɓa yi ba. Amma Asabar ɗin da ta biyo, a hanyar Surko, da barci ya kwashe yarinyar, na duba gabas na duba yamma babu kowa, na goya ta. Tun daga lokacin zanin ya samu gurbi a jakata. A daji nake ɗaurawa, in kwance kafin in ga gidajen farko na gari.

Tana cikin shekara ta huɗu uwarta ta samu ciki na biyu, cikin ya zo da wahala. Surukata ta aiko cewa a mayar da ita gida ta haihu a gabanta. Yarinyar kuwa ta fara zuwa makarantar yara, sai aka bar mini ita, maƙwabciyarmu tana taya ni. Aka haifi namiji da kaka. Ranar suna na je cikin abokai a mota ba tare da yarinyar ba, na yi zamana a waje kamar kowane baƙo. Da na dawo 'yata ta tasa ni gaba da kuka, ita sai ta ga ƙaninta. Na yi mata alkawarin Asabar.

Ranar Juma'a aka kira maƙwabciyarmu wurin aiki, ba ta samu damar yi mata kitso ba. Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na yi abin da na iya. Layukan suka fito kamar kunyar da yaro ya yi a gona, na rufe mata da hula.

Muka kama hanya da safe. Ta yi ta nuna mini dammunan gero da aka jingine, da motocin da ke loda gyaɗa, har muka wuce Gwaram. Daga can duwatsu suka fara matsowa kusa da titi, rana ta ɗaga, surutunta ya ragu. Bayan Fagam, inda ake sauka daga kwalta a shiga hanyar ƙauyensu, kanta ya faɗo kan hannuna. Hanyar duk yashi ce da kwazazzabai, ba ta tuƙuwa da hannu ɗaya. Na tsaya na goya ta. Na san akwai wata tsamiya a bayan wani lanƙwasa, kafin a hango ƙauyen, na ce a can zan kwance.

Ina shan kwanar na kashe babur, na sa ƙafa a ƙasa, hannuna ya kai kan ƙullin zanin. Sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Surukina ne. Gonar da ke gindin tsamiyar ashe tasa ce, a ranar suke kakkaɓe riɗi. Sun shimfiɗa tamfol, shi da wasu dattawa sa'o'insa suna hutawa a inuwa, ga matasa a gefe da sanduna a hannu. Duk suka tsaya cak.

Na so a ce ƙasa ta tsage a lokacin. Juyawa ba ta yiwuwa, an riga an yi mini magana. Kwancewa ma ba ta yiwuwa, don in na saki ƙullin ina kan babur yarinyar ƙasa za ta yi. Ga zanin atamfa ce mai manyan furanni rawaya, cikin kayan da su da kansu suka yi wa 'yarsu lokacin aure. Na sauko a hankali, na kafe babur, na cire takalmi, na tako kan ƙasa mai zafi har gabansa na durƙusa, hannuna ɗaya yana tallafe da ita ta baya kamar yadda mata ke yi.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, Malam. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya mutanen Birni?"

Duk gaisuwar nan idonsa yana kan wata igiya da yake murzawa a hannu. Ni nawa idon yana kan tururuwa. Na gaida dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa da ladabi, babu wanda ya nuna ya ga wani abu a bayana. Na ji wani saurayi ya yi tari irin wanda ba na tari ba. Na fara sa ran zan tashi in wuce a haka, kowa ya riƙe abin a cikinsa.

Sai ta motsa. Ta ɗago kai daga bayana ta ce, "Abba, mun zo?"

Surukina bai iya daurewa ba, jikarsa ce. Ya leƙa ta gefena ya ce, "A'a! Amaryata ce aka kawo mini a ɗaure?"

Ta ce, "Abbana ne ya goya ni. Ya fi Umma iyawa, nasa ba ya kwancewa." Ta fizge hular kanta. "Kalli, shi ya yi mini kitso."

Wani tsoho mai farin gemu ya fara, sauran suka biyo. Dariya suke yi har suna riƙe juna. Surukina ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Ni ina durƙushe, gumi yana bin bayana, bayan da ke ɗauke da mai tonon asirin. Wasu mata da suka ɗauko itace suka tsaya a bakin hanya, suka kalla suka ƙara sauri. Na san ko da zan tashi sama labarin zai riga ni shiga gari.

Tsohon nan ne ya tashi ya karɓe ta na kwance zanin. Na ninke shi ƙanƙane na cusa a jaka.

A zauren gidan aka yi mini shimfiɗa. Surukata ta tsaya daga bayan ƙofa muka gaisa, tana danne dariya, ta yi saurin komawa. Ƙanwar matata kuwa, wadda ke da izinin yi mini wasa, ta kawo ruwa ta durƙusa ta ce, "Sannu da goyo, Yaya. In ɗora maka ruwan zafi ka gasa baya?" Na ce Allah ya shirye ta.

Aka kawo tuwon dawa da man shanu yana ƙamshi. Tun karin safe ban sa komai a cikina ba, amma ban taɓa cin abinci a gidan ba, ba kuma ranar zan fara ba. Na ɗan buɗe kwanon na rufe. 'Yata tana kallona, ta ruga cikin gida. Ina zaune na ji muryarta tar a tsakar gida: "Inna, Abbana bai ci ba, kuma cikinsa yana ta kuka!"

Da aka ba ni izinin shiga ganin jariri, matata ta jira aka fita sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Ka gama da ni a garin nan. Har daga bakin rijiya aka zo aka faɗa wa Inna."

Na ce, "Da in bari ta faɗo?"

"Ban ce ba." Ta gyara wa jaririn hula. "Amma da ka ɗauko wani zanin."

Sai surukata ta shigo da kunu. A daidai lokacin 'yata ta haye cinyar uwarta ta rungume wuyanta. A Birnin Kudu haka suke wuni. Amma nan gaban mahaifiyarta ne. Matata ta kawar da kai, ta zare hannuwan yarinyar a hankali ta ce, "Ke, je ki wurin Inna." Ko sunanta ba ta kira ba. Yarinyar ta tsaya tana kallonta, ta dawo ta raɓe a jikina. Ban rungume ta ba, ban kuma ture ta ba. Na zauna kamar an dasa ni, ina kallon bango, har surukata ta fita.

Bayan la'asar na yi sallama. Surukina ya dawo daga gona, ya raka ni har inda na ajiye babur. Na ɗora yarinyar a kan tanki. Ya sa mata gyaɗa a aljihu, ya sa an ɗaure mini ƙullin riɗi a bayan babur. Sai da na tayar da babur ya yi magana, yana kallon tayar gaba.

"Hanyar nan ba ta da kyau, Malam. Kada ka yi tuƙi da hannu ɗaya."

Na ce, "To, Baba." Ban iya ɗaga kai ba.

Ba mu yi nisa ba ta ce, "Abba, Umma ta daina sona?"

Na ce a'a, kunya take ji.

"Kunyar wa?"

"Kunyar Inna."

"Me ta yi?"

Na ce babu abin da ta yi. Na san amsar ba ta gamsar da ita ba. A Gwaram na tsaya wurin mai ƙosai na ci kamar wanda aka kora daga gida, ita kuma tana ɓare gyaɗarta tana ba awakin bakin titi.

Da matata ta gama wankan jego ban je ɗauko ta ba, na ce jarrabawa ta riƙe ni, ƙanina na tura da mota. Sai da babbar Sallah ta zo na rasa dalilin da zan bayar. Muka je gaba ɗaya. Tun daga bakin gari yara suka fara nuna ni, na ji wata mata tana faɗa wa wata, "Shi ne mai goyon." Matata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na lura samarin garin masu sabon aure suna amsa gaisuwata a daƙile, ban gane dalili ba sai da muka fito daga masallaci bayan azahar. Wani daga cikinsu, wanda na tuna fuskarsa a gindin tsamiya, ya tsaya kusa da ni.

"Malam, ka ja mana," in ji shi. "Yanzu ko yaro ya yi kuka sai a ce mu je Birnin Kudu mu koyo."

Mutane na fitowa, wasu sun rage tafiya suna saurare. Na ce masa a yi haƙuri, na sunkuya ina neman takalmina.