Ranar da Hajiya Kulu Ta Haɗe Tire

Duk sanda aka ɗauki sabbin ma'aikata a ofishinmu na Beltsville, a jihar Maryland ta Amurka, akwai rana ɗaya da nake ba su labarinta, domin ni kaina har yau ba ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da na damƙe hannun dattijuwa mai shekara saba'in da ɗoriya a gaban mata goma sha biyar, ni da tun tasowata a Jos ban taɓa kallon babba ido cikin ido ba.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfanin shirya tafiye-tafiye ne, ƙarami, na Alhaji Sabo. Sabon shiga da amsa waya yake farawa. In ya kwana biyu sai a mayar da shi teburin tikiti da otal. Matakin ƙarshe shi ne rakiya, wato ka ɗauki ayari tun daga filin jirgi, ka kai su, ka dawo da su, kuma duk abin da ya same su a tsakani a wuyanka yake. Na shekara uku a kan tebur kafin Alhaji ya ce, "Saratu, wannan karon ke kaɗai za ki je." Lokacin ana yayin waya mai madannai, a wuraren da muke kai ayari kuma ko layi ba a cika samu ba, balle in kira ofis in nemi shawara.

Ayarin na ƙungiyar matan Arewa ne mazauna Upper Marlboro da Fort Washington, su goma sha shida. Akwai nas-nas, da malaman makaranta, da iyayen da 'ya'yansu suka ɗauko daga gida. Musulmi da Kirista ne a haɗe, yawancinsu daga Kaduna da Filato, kuma wanda ya san jihohin nan biyu ya san ba da sauƙi aka zauna a tabarma ɗaya ba. Uwar ƙungiyar ita ce Hajiya Kulu. Sanyi ya ishe su, suka ce kwana biyar suke so a wani tsibiri na Karebiyan, inda za su ga rana. A jadawalin rana ta huɗu akwai ziyarar gonar koko, inda ake koya wa baƙi yin cakulan da hannunsu, sannan a koya musu haɗa abin sha irin na tsibirin.

Ƙa'idarmu ita ce kowa ya cike fom kafin tafiya: abin da ba ya ci, maganin da yake sha, da tambaya ta ƙarshe, da giya ko babu. Mutum huɗu ne suka zaɓi giya, dukkansu Kirista. Sista Ladi, nas ce 'yar Pankshin, ta ja ni gefe ta ce, "Saratu, hutu muka zo, amma don Allah ki rufa mana asiri a gaban iyaye." Na ce ba komai.

A filin jirgi kuma Dakta Aminu, ɗan Hajiya Kulu, ya tsayar da ni. Ya ce, "Ga amana nan. Na ji an ce mutanen can har cikin kek suke zuba giya. Mahaifiyata tun da aka haife ta ɗigo bai taɓa shiga bakinta ba." Na ce, "Dakta, ka bar mini." Na faɗa da ƙarfin gwiwa irin na wanda bai taɓa rakiya ba. Ni Kirista ce, ya sani, na sani, kuma shi ya sa maganar ta fi yi mini nauyi.

Gonar tana kan tudu, rumfar koyarwa a tsakiyar bishiyoyi. Malamin sunansa Mista Desmond, shi da matarsa suke gudanar da wurin. Ya fasa ƙwallon koko ya nuna mana 'ya'yan, ya kawo busassu aka soya a kasko, aka ɓare, sannan ya ɗauko turmi yana bayani da Turanci kamar zai nuna mana abin al'ajabi. Hajiya Kulu ta kalle shi ta ce, "Yo wannan ai aikin ƙuliƙuli ne." Ta karɓe taɓarya ta hau daka, bawan Allah ya koma gefe ya riƙe ƙugu. Mata suka yi ta shewa, ni ma hankalina ya kwanta.

Daga nan aka zo wurin da ya shafe ni. Kowa zai yi cakulan guda uku. Ana zuba narkakken cakulan a cikin 'yan ramukan roba, a cusa haɗi mai laushi a tsakiya, a rufe da wani cakulan, a kai firji ya daskare. Na mutum goma sha biyu haɗin kwakwa ne da madara, a kan koren tire. Na mutum huɗun nan an ƙara masa giyar rake, a kan jan tire, a wani tebur can ƙarshen rumfa. Tsarin da ni da Mista Desmond muka yi ke nan, ina ta yaba wa kaina. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, da zarar an rufe su, ba mai iya bambancewa. Alamar tana jikin tire, ba ta jikin cakulan.

Hajiya ta yafito ni. "Ke Saratu, me ya sa su Ladi suke can gefe da nasu tiren?"

Nan ne na yi kuskuren da ya jawo komai. Kalmar tana bakina, amma kunya ta hana ni furta ta a gaban uwa, ga kuma alkawarin da na yi wa Sista Ladi. Na ce, "Mama, ɗanɗanon nasu ne daban." Ta ce, "Uhm." 

Kafin cakulan ya daskare aka wuce da mu ɗaya rumfar, wurin haɗa abin sha. Hajiya ta ce ƙafarta ta gaji, a bar ta a inda take. Can aka shiga matse lemun tsami, ana niƙa abarba, ana girgiza kofin ƙarfe da ƙanƙara. Ni ko dariya ban yi ba, ina tsaye kamar ɗan sanda, idona a kan kwalbar giya, ina tabbatar da ba ta bar teburin mutum huɗun nan ba. Kusan minti arba'in na yi ina gadin kwalba, ashe ba nan ɓarnar take ba.

Da muka dawo, babu koren tire, babu ja. Katon faranti ɗaya na katako ne a tsakiyar tebur, an shimfiɗa masa ganyen ayaba, an jera cakulan a kai zagaye-zagaye, gwanin sha'awa. Ashe matar Mista Desmond ta fito da su daga firji ta juye su, ta tafi wanke kasko, Hajiya kuwa ta ɗauko farantin da kanta ta haɗe su wuri ɗaya. 

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Ku matso, 'ya'yana. Tun ɗazu nake kallo, an ware wasu can gefe, kuma na lura da waɗanda aka ware. Mun baro wannan a gida. Ba za mu haye ruwa mu zo garin mutane a raba mana kwano ba. Tare muka daka, tare za mu ci." Mata suka ce, "Gaskiya ne, Mama." Na dubi Sista Ladi, ta sunkuyar da kai. Mista Desmond ba ya jin Hausa, yana ta murmushi yana shirin ɗaukar hoto.

A al'adarmu babba ke fara sa hannu, kuma da ta sa, kowa zai bi. Guda goma sha biyu masu giya suna cikin farantin nan, ba ni da hanyar gane ko ɗaya. In na yi shiru, wataƙila ba wanda zai ankara, amma ni zan koma Maryland na san abin da na ciyar da matan da suka yarda da ni. In na yi magana, na tona su Ladi, na kuma nuna wa kowa cewa uwar ƙungiya ta yi kuskure a daidai lokacin da take wa'azin haɗin kai. Ina cikin wannan lissafin Hajiya ta ɗauki guda ɗaya ta ce, "Bismillahi."

Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Na kama wuyan hannunta da hannu biyu. Wata ta ce, "Ke! Lafiyarki kuwa?" Na durƙusa ba tare da na saki hannun ba, na ce, "Mama, ki yafe mini. Akwai giya a cikin wasu. Na jan tiren giya ce a ciki, ba ɗanɗano ba ne. Ƙarya na yi miki."

Ta dube ni, ta dubi hannuna, na saki. Ta ajiye cakulan ɗin a hankali. Sai Sista Ladi ta miƙe ta ce, "Mama, ni ce na roƙe ta ta ɓoye. Mu huɗu ne, ba wanda ya ware mu, mu muka zaɓa."

Hajiya ta ce, "Zauna, Ladi. Ke babba ce, abin da kika sha tsakaninki da Ubangijinki ne, ni ba mai gadinki ba ce." Sannan ta juyo gare ni. "Guda nawa aka yi duka?"

Na ce arba'in da takwas. Ta ce in ƙirga. Na ƙirga, na samu arba'in da bakwai. Na sake, arba'in da bakwai.

Ta ce, "Kada ki wahalar da kanki. Ni ce. Lokacin da nake jerawa na ɗanɗana ɗaya."

Na tambaye ta daga wane tire, ta ce ta riga ta haɗe su. Na juya ga Mista Desmond na yi masa bayani da Turanci, fuskarsa ta canza. Ya ce giyar kaɗan ce, kwakwa kuma tana danne ƙamshinta, wanda bai saba ba da wuya ya gane. Wato ba shi, ba ni, ba ita, babu wanda zai taɓa sanin wanne ta ci. Hawaye suka zubo mini.

Hajiya ta nemi ruwa ta kurkure baki. Ta ce, "Ni ban sani ba, wanda bai sani ba kuwa Allah ba ya kama shi. Amma ke kin sani, Saratu. Riƙe hannuna da kika yi ba laifi ba ne, da 'yar cikina ce ma haka zan so ta yi. Laifinki na ɗazu ne, da na tambaye ki kika zaɓa mini abin da kunnena zai iya ɗauka. Na haifi bakwai, na binne biyu, kalma ce za ta kayar da ni?"

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Aka bar wa masu gonar farantin nan. Mista Desmond ya kawo sauran narkakken cakulan, aka sake sabo da citta da kwakwa, su Ladi suka ce su ma a zuba nasu a ciki. Tire ɗaya aka yi. Hajiya ta ci, ta ba kowa, ta miƙo mini nawa da hannunta, amma har muka hau jirgi washegari ba ta ƙara ce mini komai ba sai amsa gaisuwa.

Da muka sauka, Dakta Aminu na jira da rigunan sanyi a hannu. Zan iya yin shiru, domin na san Hajiya ba za ta kai ƙarata ba. Na tsayar da shi a bakin mota na faɗa masa komai, har da guda ɗayan da ba a san irinsa ba. Ya kafe ni da ido, ni kuwa na riga na sallama aikin a raina. Sai Hajiya da ke cikin motar ta sauke gilashi ta ce, "Aminu, ƙyale yarinyar nan, ta sha nata faɗan. Ga shi yanzu ta koyi magana." Ya shiga mota ba ko sallama. Litinin na rubuta wa Alhaji Sabo rahoto, ya mayar da ni teburin tikiti wata shida, ban kuma ga ya zalunce ni ba.

Tun daga lokacin muka canza tsari. In akwai giya a abinci, alamar tana jikin kowane guda, kuma mai rakiya zai tsaya gaban ayari tun kafin a fara ya faɗa da bakinsa, da Hausa, ba kwana-kwana. Wanda yake son a rufa masa asiri sai mu ce masa sunansa za mu ɓoye, ba abin da ke cikin tire ba. Mutanenmu suna da kunya, mu ma da ita aka raine mu, ba na kuma raina ta. Amma a wannan aikin, kunyar da ta hana ka faɗa wa babba gaskiya, shi take cutarwa, kai kuma ta lulluɓe ka.

Bayan shekara biyu ƙungiyar ta sake shirya tafiya. Dakta Aminu ne ya kira ofis, ya ce mahaifiyarsa ta ce ba za ta bi kowa ba sai yarinyar da ta riƙe mata hannu. Na raka ta sau uku kafin ta koma gida Kaduna, inda Allah ya yi mata rasuwa. Duk inda aka ajiye mana abinci sai ta dube ni ta ce, "Saratu, mene ne a ciki?" Ni kuma in lissafa mata komai har gishiri. Guda ɗayan nan kuwa, har yau ban san wanne ba ne.