Injinan da ke cikin leda

Aikin farko yau: zuwa Kagoro in nuna wa mai saye gonar cittarmu, don 'yata Rifkatu ta karanta aikin injiniya a jami'ar kuɗi.

Ina tayar da mashin ta riƙe ni. Makon jiya ta zaga jami'o'i biyu da kanta.

"Baba, ta kuɗin, injinansu na cikin leda. Ta gwamnatin kuwa, har rigata ta sha baƙin mai. Can nake so."

"Ba tausayina kike ji ba?"

"Ku bar gonar nan. Injin nake so in taɓa."

Ni kyan ginin ta kuɗin kawai na kalla. Yarinyar nan ta fi ni ido, na gode wa Ubangiji. Ko na yi saurin yarda, jama'a?

Gobe: ba mai saye haƙuri, nemo wa Rifkatu takalmin aiki.