Na Kashe Gobarar da Babu Ita

Jama'a, yau na tafka abin kunya a Bunkure!

Na kai wa Kawu tumatir daga gona. Na tarar ya fito da tsohuwar amfilifayarsa ta ƙara sautin kiɗa, irin mai kwalaben gilashi a sama. Ya ce, "Zauna, yau za ka ji sauti mai taushi, ba ƙarar wayarku ba." Ya kunna, ya ce sai ta ɗumama, ya fita alwala.

Ina zaune sai na ga cikin kwalaben ya yi jajir! Na kai hannu, zafi rau! Na kurma ihu, "Gobara!" Na suri buta na sheƙa mata ruwa. Tas! Kwalba biyu suka fashe.

Maƙwabta suka shigo da bokitai. Kawu ya shigo, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya dubi amfilifaya, ya dube ni.

"Sani, wannan wutar ai ita ce muryarta. Tun kafin a haife ka take ci."

Wallahi na so ƙasa ta tsage!

Ko faɗa bai yi ba. Ya zauna kawai ya ce, "To, kunna mana wayar taka."