Guɗar da Aka Yi a Tsakar Gidanmu

Tun da wayata ta faɗa cikin ruwan wanki, ba a jin magana sai na buɗe lasifika. Ba don haka ba, da ni kaɗai zan ji mutumin.

Da hantsi ne, a ƙauyenmu da ke bayan Tsafe. Matan maƙwabta huɗu suna taya Inna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Baƙuwar lamba ta kira, na ɗauka. Namiji ne mai sanyin murya, ya yi sallama cikakkiya. Ya ce daga kamfanin layina yake, an yi garabasa, lambata ta ci naira miliyan biyu. Abin da ya rage in karanta masa wasu lambobi da za su shigo mini ta saƙo, sannan in tura katin waya na rajista.

Ban ko buɗe baki ba, ƙawar Inna ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

"Ke, rufa muna asiri," in ji Inna, ita ma tana dariya.

"Asirin mi? Ni dai atamfata biyu. Guda ta Sallah, guda ta zuwa gulma."

Na ce masa zan kira shi. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Ban taɓa shiga wata gasa ba. Saƙon kuma da ya shigo, a ƙasansa an rubuta da Turanci cewa kada a ba kowa lambobin. Sakandaren da na yi ta ishe ni karanta wannan.

Baba ya dawo daga gona da azahar. Mutum uku sun riga sun yi masa barka a hanya. Ya zauna bakin rumbu, bai nemi ruwa ba.

"Wa da wa sunka ji?"

Inna ta fara lissafa matan, sai muryarta ta yi ƙasa. A wajenmu kowa ya san mutanen daji suna da kunnuwa a cikin gari. Bara wani ya sayar da shanunsa, ba a yi mako ba aka ɗauke shi a gona.

Washegari na shiga motar Gusau, na je ofishin kamfanin. Matar da ke kan tebur ta duba lambar, ta dube ni.

"Ƙanwata, kin shiga wata gasa?"

"A'a."

"To ta ina kika ci? Wannan lambar mutum ce, irin taki. Mu ba mu tambayar lambar sirri, kuma ba a biyan kuɗi don a karɓi kyauta. Kin tura masa?"

Na ce ban tura komai ba. Ta ce na yi sa'a, ban yi asarar ko sisi ba. Na roƙe ta ta ba ni takarda mai hatimi da ke cewa ban ci komai ba. Ta yi dariya, sannan ta ga fuskata ta daina. Ta ce ba su da irin wannan takardar.

A hanyar dawowa na gane kuskurena. Duk tasha an ga na shiga motar Gusau da sassafe, da jaka a kafaɗa. Kafin in iso gida an ce na je karɓo kuɗin.

Baba mutum ne da ba ya son a san cikinsa. Amma ranar, bayan sallar la'asar, ya miƙe a masallaci ya ce 'yan damfara ne suka kira ɗiyarsa, babu miliyan, babu komai. Ya ce mana da ya fito wani dattijo ya dafa shi, ya ce, "Hakanan ne, Malam. Ko ni ne, hakanan zan ce."

Mutumin ya sake kira bayan kwana biyu. Na ce, "Ka san abin da ka jawo mana?"

"Hajiya, ki turo lambobin kawai, lokaci na ƙurewa."

Na toshe lambarsa. Shi kam ya wuce kan wata lambar.

A ƙarshen makon mai furar bakin hanya ta shigo gidanmu ba sallama. Wasu mutum biyu a kan babur, ta ce, sun sha fura sun tambaye ta wace ce gonar baban yarinyar da ta ci kuɗi. Ta nuna musu wani gefe daban. Ba ta san fuskarsu ba, amma ɗayan ya san sunan kakanmu.

Ba mu kwana biyu ba muka taso. Yanzu muna ɗaki ɗaya a gidan ƙanen Baba a Sabon Gari, nan Gusau. Inna ta daina fita biki.

Dawarmu ta nuna a gona, ita ce abincinmu na shekara. Baba ya nemi masu girbi, kowa ya ji gonar wa ce sai ya ce yana da uzuri. Jiya da safe ya ce shi zai je da kansa ranar Asabar, ya yini ɗaya ya dawo. Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce in tashi, ba laifina ba ne, ya tambayi Inna inda ta ajiye buhunan.